Wai ƙirga numfashi ma halwa ce?

Ɗan Ƙofar Sauri: Jama'a, abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya. Yaranmu sun koma kallon bidiyon mabiya addinin Buda, a zauna a tanƙwashe ƙafa, a ƙirga numfashi daga 1 zuwa 10, in zuciya ta zame a koma 1. Sai mamaki suke kamar yau aka fara. Carbin mabiya Buda ƙwaya 108 ne, 'yan Katolika ma na da nasu. Duk halwa ce, mun fi su iya ta, amma ba mai koya wa yara.

Alaramma: Gyara zancenka ƙanena. Zaman minti goma ba ya zama halwa. Halwa sai da izinin shehi, a keɓantaccen ɗaki, da azumi, ana rage ci kaɗan-kaɗan, ba fita sai salla ko kewayawa. Galibi kwana 40, koyi da Annabi Musa, dare 30 aka cika da 10. Wanda ya faɗa mata ba jagora, ya datse abinci da barci rana ɗaya, shi ke fitowa yana sambatu a ce aljanu. Yunwa ce da rashin barci.

Ustazun Ƙofar Ƙaura: Allah shi gafarta Malam, ina dalilin halwar? Abin da ya tabbata i'itikafi ne, goman ƙarshe na azumi, a masallaci. Kogon Hira kafin wahayi ne. Tafakkurin da ƙarshen Ali Imrana ya yaba kuwa cikin halittar sammai da ƙasa ne, bai nemi ɗaki ba.

Alaramma: Mun san inda ka dosa. Tun kafuwar Izala a 1978 ake biya mana wannan karatun.

Hajiya 'Yar Daura: Kun kama halwa kun bar abin yau da kullum. Lazimi, wuridinmu na Tijjaniyya, istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, da alwala. Abin da ke ɓata shi gaggawa: yatsa na jan carbi, zuciya na kasuwa. Wanda lissafi ya ruɗe masa ya ɗora kan ƙaramin adadin, in ya gama ya yi gyara da istigfari 100. Wazifa kuma istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, salatin Jauhara 12.

Na Gobarau: 11 ce, Hajiya.

Hajiya 'Yar Daura: 11 ta mutanen Shehu Hamallah ce, can Mali. Mu 12. Mai taimama ma ba ya karanta ta, Salatul Fatihi 20 zai kawo a madadinta. Koma makaranta ɗana.

Na Gobarau: Daurawa ne za su koya wa Katsina, garin Wali Ɗan Marina, wuridi? Ku tsaya kan Kusugu.

Ɗan Ƙofar Sauri: Ni fa maganar yara da numfashi na kawo.

Ustazun Ƙofar Ƙaura: Har yanzu ina jiran dalili. Tasbihi, tahmidi da kabbara 33-33 bayan salla sun ishi kowa.

Mai Zaure: To, a tsaya nan. Abin da aka cimma: halwa na da asali kamar yadda Alaramma ya warware, Jauhara 12 ce, Ustazu kuma bai kawo abin da ya hana ba. Na Gobarau ya ba Hajiya haƙuri kafin magariba ko in cire shi.