Ƙwaurina ya hana ni wuce kilomita 8

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gudun safe. Wata uku ke nan ina fita da an idar da sallar Asuba, in tashi daga Ƙofar Ƙaura in nufi filin wasa na Muhammadu Dikko a nan Katsina, ina shirin gudun fanfalaki na Legas, mai kilomita 42.

To ga inda na cije. Numfashi lafiya lau, ko a wannan hazon, amma da na kai kilomita 8 sai ƙwaurin hagu ya ɗauki zugi, ta ciki, kamar ana ƙwala mini muciya. Na sauya takalmi, na huta kwana biyar, na shafa man zafi har Maman yara ta fara tsegumi. Ina komawa kwalta, ciwo ya dawo.

Kwaltar ce, ko na yi gaggawar ƙara nisa? Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan, me ya yi?