Neman sunan Hausa ga "kafca kad": ni dai na tsaya a kan matatsi

Jama'a, ga wata magana da ta cinye mana kusan mako biyu a gida, ina so masu Hausa su sa baki tun kafin sunan banza ya zauna daram.

Ƙanena yana da gidan gem a Tudun Wada, nan Gusau: PS4 guda uku, da tsohuwar PS2 ɗaya da ƙananan yara ke rububi saboda arha. Bayan Sallah suka haɗa gasar ƙwallo tsakanin unguwanni, ya ce yana so ya adana wasan ƙarshe a laftof ɗina tun daga busa har tashi, ya yanyanka ya sa a TikTok da YouTube. Ya ɗauko kebul ɗin HDMI, ya cusa kai ɗaya a bayan PS4, ɗayan a gefen laftof, ya harɗe yana jiran hoto. Shiru. Sai ya ce, "Yaya, kwamfutarka ta lalace." Lafiyarta lau. Ramin HDMI na laftof mafita ce kawai, hoto yake turawa zuwa talabijin, ba ya karɓa. Kamar ka zuba ruwa a bakin indararo kana jira ya hau soro.

Abin da ake bukata ɗan akwati ne da ke zama a tsakani. Kebul ya fito daga PS4 ya shiga cikinsa, shi kuma ya juya hoton da sautin ya miƙa wa kwamfuta ta ramin USB, har ta ɗauka kyamara ce aka jona mata. Masu kyau suna da rami na biyu da ke wuce da hoton zuwa talabijin ba tare da jinkiri ba, don mai buga wasa ya ci gaba da harkarsa. Shi ne yaran gidan gem ke kira kafca kad, kuma shi nake nemar wa suna.

Na san wani zai ce ai PS4, tun fitowarta a 2013, tana da maɓallin SHARE da ke adana wasa da kanta, sai ka kwashe a filash. Gaskiya ne. Amma iyakarsa minti 60, hoton a ƙaramar PS4 bai wuce 720p ba, wato tsabtarsa matsakaiciya ce, kuma PS2 ba ta san da zancen ba. Ga shi ƙanena yana so a sa sunayen unguwanni a saman allo, a haɗa da muryar wani abokinsa mai baki da ke sharhin wasa.

To, ga sunayen da aka kawo.

Na farko shi ne a bar shi yadda yake. Ba ni da faɗa da aro. Mota da rediyo da kwamfuta duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Matsalata da "kad" ɗin ce. An kira shi haka ne domin na farko-farko faranti ne da ake buɗe cikin babbar kwamfutar tebur a dasa, har yanzu ma akwai irinsu. Wanda ke hannun yaranmu kuwa akwati ne, ko wani abu mai kama da filash mai ƙiba. Ka shiga shago ka ce kana neman kati, mai shago zai tambaye ka na wane layi, ko ya miƙo maka memori.

Saboda haka "katin kamu", wato fassarar kafca kad kai tsaye, ya faɗi tun kafin ya tashi. Kamu kuma a kunnen Bahaushe ko dai na 'yan sanda, ko na amarya, ko na kifi a Argungu. A harkar talabijin ma "kama" tana da aikinta: tasha ta kama, tasha ba ta kama ba.

"Na'urar ɗaukar bidiyon wasa" kuwa bayani ne, ba suna ba, kuma kyamara take nunawa. Mun ga yadda "na'ura mai ƙwaƙwalwa" da "wayar tafi-da-gidanka" suka ƙare: suna nan a labarun rediyo, a kasuwa sai kwamfuta da waya. Yaron da aka zura wa ƙwallo uku ba shi da lokacin kalma huɗu.

Wanda ya ba ni wahala shi ne "manaɗi". Wani abokina mai koyar da Hausa a sakandare ne ya kawo shi, kuma da hujjarsa. Ya ce Hausa tana ƙera sunan kayan aiki da ma- a gaba da -i a ƙarshe: buɗe ya ba da mabuɗi, duba ya ba da madubi, rufe ya ba da marufi. Kuma tun zamanin kaset muke cewa an naɗi murya, saboda zaren kaset ɗin naɗewa yake yi a zahiri yayin da rakoda ke juyawa. Zare ya tafi, kalma ta zauna, yau ma a waya naɗa ake yi. To me zai hana manaɗi?

Na kwana biyu ina son sunan. Abin da ya raba ni da shi shi ne akwatin nan ba ya naɗar komai. Cire kwamfuta ka bar shi da PS4 har gari ya waye, ba za ka samu ko daƙiƙa ɗaya a cikinsa ba. Mai naɗin ita ce manhajar da ke kan kwamfuta, galibi OBS, wadda kyauta ce kuma tana nan tun 2012. Ita ke karɓar hoton, ta matse shi, ta rubuta shi a rumbun kwamfuta, ko ta watsa shi kai tsaye. In muka ba akwatin sunan manaɗi, gobe yaro zai tara kuɗin ya saya, ba shi da laftof, ya koma gida ya yi ta jira. Akwai wasu akwatunan da ke da ramin memori suna adanawa da kansu. Waɗannan su ne manaɗai na gaskiya, na bar wa Malam su.

Wani ya ce "mashigin hoto", tunda laftof mafita kawai gare ta. Daidai ne, sai dai ba shi da gishiri, kuma kowane rami ma mashigi ne.

Sunan da na tsaya a kai ba daga wurin 'yan boko ya fito ba. Kawunmu ya zo daga Talata Mafara duba Inna, ya tarar da mu a zaure da kebul birjik. Ya tambayi abin da muke ƙullawa, na zana masa a ƙasa: hoto ya taso daga nan, ya bi ta cikin wannan, rabi ya wuce talabijin, mu kuma mu ɗebi namu a kwamfuta. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Wagga ai tatsa ta. Maraƙi shi sha, kai ka cika ƙwaryarka." Ƙanena ya tuntsire da dariya. Ni kuwa na ce, Kawu, ka gama aikin.

Matatsi. Matatsin hoto, in ana son a fayyace. Jam'i matatsai, kamar mabuɗai. Bakinmu na nan yamma zai ce matatci, ba laifi.

Abin da ya sa na riƙe shi, kalmar tana koyar da yadda abin yake aiki. PS4 ce saniya, talabijin ne maraƙi, kwamfuta ce ƙwarya. Har bambancin tsada da arha tana bayyanawa. Mai rami biyu, irin wanda kamfanin Elgato ya yi suna da shi tun 2012, yana barin rabon maraƙi. Ɗan ƙaramin mai arha rami ɗaya gare shi, tatsewa yake ƙarƙaf, dole ka kalli wasan a allon laftof, inda hoto ke ɗan makara. A wasan ƙwallo wannan 'yar makarar ta isa ka danna a buga bayan an riga an ƙwace. Maganinta ka sayi ɗan abin da ke raba HDMI gida biyu ka sa a gaba.

Har faɗin bakin ƙwarya akwai. Hoton 1080p ɗigo ne sama da miliyan 2, in kuma ana sauya shi sau 60 a daƙiƙa, ɗanyensa ya kai wajen gigabit 3 a kowace daƙiƙa. Tsohon ramin USB 2.0 iyakarsa megabit 480, wato bai kai rabin gigabit ɗaya ba, shi ya sa masu arha ke matse hoton su rage shi zuwa sau 30 a daƙiƙa, ciyawar fili ta dame in ana gudu. USB 3.0, wanda bakinsa galibi shuɗi ne, yana ɗaukar gigabit 5. Kada shuɗin launi ya ruɗe ka, akwai masu shafa wa baki shuɗi alhali cikin tsohon ne.

Ranar da namu ya iso ma allo baƙi ƙirin ya nuna. Duk makiyayi ya san saniya kan riƙe nono. A nan sunan abin HDCP, kariya ce da aka sa don hana kwafar finafinai. A PS4 ana shiga saiti a kashe ta, Sony ta ba da wannan damar tun 2014. A PS3 ba a iya kashe ta, sai ka bi ta kebul mai kawuna biyar. PS2 kuwa da kawunanta uku, rawaya da fari da ja, matatsinta daban ne.

Ƙorafi biyu na samu. Malam ya ce matatsi ya yi kusa da matsatsi, za a riƙa tuntuɓe. Na ce ai makaranta da makaranci ba su hana juna zama ba. Na biyun ya fi nauyi: tatsa tana da warin zalunci, ana cewa an tatsi talaka, ana cewa an tatsi bayanan sirri. Ban musa ba. Amma wannan na biyun ma shaida ce a gare ni, domin ya nuna kunnenmu ya riga ya saba da tatsar abin da ke gudu cikin waya. Kuma mai tatsar saniyarsa ba ɓarawo ba ne.

Ga yadda muke faɗa yanzu a gidan gem: jona matatsi, buɗe manhaja, fara naɗi. Ramin da ke wucewa talabijin yaran sun laƙaba masa rabon maraƙi, ban sa su ba. Wasan ƙarshe ya naɗu har zuwa minti na 70 na agogon wasa, sai janareta ya shaƙe, PS4 ta mutu, laftof ta ci gaba da naɗar baƙin allo da ihun mutum ashirin. Ƙanena ya ce wannan ɓangaren ne zai fara sawa.

Mutanen Birnin Kebbi da Yawuri, me yaranku ke kiransa?