Wane suna za mu ba Home Economics da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Kalma guda nake nema, kuma da gaske nake.

Ƙanwata ta samu gurbin karatu a jami'a, sashen Home Economics. Ranar Juma'a muka je gaishe da Gwaggo a Ƙofar Sauri, ta tambaye ta me za ta karanta. Yarinya ta yi ta kame-kame, daga ƙarshe ta ce, "Gwaggo, kamar girki ne da ɗinki." Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ke ɗiyata, shekara huɗu don tuƙa tuwo? Shigo madafa in koya miki kyauta." Jiki a sanyaye yarinyar ta koma gida. Ban ga laifin Gwaggo ba, abin da aka faɗa mata ta auna.

Alhali na duba darussan da za su yi. Akwai sanin abin da ke gina jiki a abinci, da abin da ya kamata a haɗa wa yaro a kunu lokacin yaye don kada tamowa ta kama shi, da yadda za a adana wake da gyaɗa ba tare da an zuba musu guba ba. Akwai renon yara, da tufafi, da kasafin kuɗin cefane. Akwai kuma wayar da kan mai saye: ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar kaya, ya gane algus da tauye mudu. Wannan duka a ce masa girki?

Su ma masu abin sun sha wannan fama. A Amurka aka fara taron kafa fannin a 1899, a Lake Placid ta jihar New York, ƙarƙashin Ellen Swallow Richards, masaniyar sinadarai kuma mace ta farko da jami'ar MIT ta ɗauka karatu. Suka kafa ƙungiya a 1909. A 1994 suka sauya suna zuwa Family and Consumer Sciences, saboda tsohon sunan ya manne da tukunya da keken ɗinki. To mu da Hausa fa?

Wata malamar sakandare daga Daura: Wa alaikumus salam. Malam, ni "kimiyyar gida" nake ce wa ɗalibaina, don su san akwai gwaje-gwaje a ciki.

Na gode, Malama. "Kimiyya" ta yi, "gida" ne matsalar. Wanda ya ji zai ɗauka zanen gini ne ko aikin magina.

Wani dattijo, tsohon malamin Hausa: Ɗana, ga "tsimi da tanadi" nan tun da daɗewa.

Allah ya ƙara girma, Baba. Sai dai an riga an ba wa ilimin tattalin arziki wannan sunan, kuma a aljihu kawai ya tsaya, bai taɓo yaron da ke goye ba. Amma kun tuna mini da kalmar da nake lalube: tattali. Bahaushe yana tattalin kuɗi, yana tattalin hatsi a rumbu, yana tattalin maraya da marar lafiya. Kalma ɗaya ta haɗa dukiya da kulawa. Ina ganin "ilimin tattalin iyali" ya ɗauke kayan. Ɓangaren consumer kuwa, wato mai sayen kaya, don Allah a daina cewa "mabuƙata" kamar yadda nake ji wani lokaci a rediyo, mabuƙaci a wurinmu shi ne wanda ake kai wa zakka. "Haƙƙin mai saye" ya wadatar.

Malamar Daura: Amma fa idan namiji ya ce "iyalina", matarsa yake nufi. Kada a ɗauka darasin lallashin amarya ne.

Gaskiyarki, Malama, na yi wannan tunanin. Amma ni daɗi ma ya yi mini. Wa ke zuwa kasuwa cefane a yawancin gidajenmu na Katsina? Maigida. Shi ke zaɓar mai da shinkafa da maganin tarin yara. In sunan ya sa ya ji da shi ma ake, an ci riba.

Jiya na koma wurin Gwaggo na ce ilimin tattalin iyali yarinyar za ta karanta. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a. In ta zo hutu ta duba mani ɗan wajen Yayanku, tun da aka yaye shi bai yi ƙiba ba."