Wutar gas ko yoyon bututu, wanne ya fi ɓata iska?

Ɗan Kakuri: Jama'a ni fa maganata ɗaya ce, duk hayaƙin da harkar haƙo mai ke fitarwa a ƙasar nan, wutar nan da ake kunnawa a Neja Delta ita ce uwa uba. Gas ya fito tare da ɗanyen mai, maimakon a tara shi sai a banka masa wuta dare da rana. Tun 1979 aka yi doka aka ce daga 1984 an daina, har yau tana ci.

Injiniya: Ƙanena don ita kake gani da ido ne. Iskar mitan, wato babban sinadarin ɗanyen gas ɗin, da ke tsiyaya ta bawul da mahaɗar bututu da tsofaffin tankuna ba ta da launi, ba wanda zai ɗauke ta hoto ya sa a Facebook, amma cikin shekara 20 zafin da take riƙewa ya kai kusan ninki 80 na iskar kabon da ƙonawa ke fitarwa. In wutar ta mutu ɗanyen gas ɗin ne ke tashi sama, wlh gara ma a ƙona shi.

Anti: Gara a ƙona?? Haba Injiniya, je ka faɗa wa waɗanda wutar ke ruri a bayan gidansu, yara na tari, dare kamar rana. Ai tun 2005 babbar kotun tarayya a birnin Benin na jihar Edo ta ce ƙona gas tauye haƙƙin rayuwa ne.

Injiniya: Anti yi haƙuri, ban ce alheri ba ne, tsakanin sharri biyu nake magana. Kuma kun manta injina, rijiya in ta tsufa ruwan da take fitarwa sai ya fi man yawa, dole famfo da kwamfireso da janareto su yi ta aiki ba hutu ana ƙona gas da dizal don a samu ganga ɗaya, wannan ma hayaƙi ne.

Kawu: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Kuɗi ne kawai. Shekaru tarar naira 10 ce kan kowace ƙafa dubu ta gas a ma'aunin kubik, wane kamfani ne zai shimfiɗa bututu cikin fadama alhali tarar ba ta kai kuɗin goro ba? Sai 2018 aka mayar da ita dala 2 ga manyan kamfanoni.

Ɗan Kakuri: Toh Kawu ai ka dawo kan maganata kenan.

Kawu: A'a yaro, kai wuta kake zagi, ni rashin kasuwa nake faɗa. Gas ɗin da ke da mai saye ba a ƙona shi, dubi tsibirin Bonny a jihar Ribas, tun 1999 ake lodinsa a jirgi zuwa waje. Da bututun AKK, wato Ajaokuta-Kaduna-Kano, mai kilomita 614 da Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020 zai riƙa kawo gas har masaƙun Kakurinku, da ka ga bambanci.

Injiniya: Idan ba a kula da mahaɗunsa ba Kawu, shi ma yoyon zai yi tun daga Ajaokuta har Kano.

Anti: Kai dai Injiniya ba ka da magana sai ta yoyo.