Shawara kan yaren C: _Static_assert ko tsohuwar dabarar array mai girman -1?

Ɗan_Hayin_Dogo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wa wasu masu noman rani a bakin Galma na'urar sarrafa famfon sola. Allo iri biyu ne: na gona mai ƙaramin aisi (IC, ƙwaƙwalwar allon) na bit 8, da na gida mai STM32F103 da ke karɓar saƙo. Fayil ɗin heda ɗaya suke karantawa, a cikinsa akwai struct (ƙunshin bayanan saƙon) mai uint8_t da uint32_t da uint16_t. A allon gona girmansa bayit 7 ne, a na gida mai ARM ya zama 12 saboda cikon da kompaila ke sakawa. Na sake jerin, na ƙara bayit ɗaya da hannu, yanzu 8 ne ko'ina. Abin da nake so, duk ranar da wani ya taɓa struct ɗin, kompaila ta ƙi haɗawa. To kompailar tsohon aisin C90 kaɗai ta sani, wato tsohuwar ƙa'idar C da ba ta da _Static_assert. In rubuta makro na array mai girman -1, wanda kompaila ba ta karɓa, ko in kwafo BUILD_BUG_ON na Linux, ko in sauya allunan gonar gaba ɗaya? Guda 14 ne, kuma Litinin zan kai aikin.

Sadiq_Kongo: Wa'alaikumus salam. Sa static_assert kawai. Tun C11 yake nan, shekarar 2011 fa, kompailar GCC ma tun 4.6 ta karɓi _Static_assert. A C23 ko saƙon ba dole ba ne.

Ɗan_Hayin_Dogo: Yaya Sadiq, C90 na ce.

MaiSoda_SabonGari: Ni assert() nake sakawa a farkon main, bai taɓa ba ni kunya ba.

Maman_Hanan: Oga, wannan sai allon ya kunna yake aiki. Yana can bakin Galma ba sikirin, wa zai karanta masa saƙon, kwaɗi? Kuma da an sa NDEBUG, alamar da ke kashe assert, ya ɓace. Shi so yake a kama abin tun a kan tebur. #if ma ba za ta yi ba, a matakin da take aiki ba a san sizeof ba tukuna.

Injiniya_Shika: Ɗan uwa, in kana son zaman lafiya ka guji makron -1 ɗin nan. Bari in ba ka labarin abin da ya yi mini.

Na gaji aikin injin ƙyanƙyasar ƙwai daga wani da ya koma Legas. ATmega328P ne, saitin zafi da danshi da lokacin juya ƙwai duk suna cikin struct ɗaya a EEPROM, ma'ajiyar da ba ta gogewa in an kashe wuta. Mutumin ya sa makro a farkon aikin (function) da ke karanta saitin, sizeof na array ɗin char da zai zama -1 in girman ya kauce. Na gani na ce madalla, mai tsari ne. Ashe abin da yake gwada girman da shi extern const ne da ke wani fayil daban. Kompaila ba ta san darajarsa lokacin haɗawa ba, kuma tun C99 an halatta array da ba a san girmansa sai lokacin aiki. Sai ta ɗauke shi a matsayin irin wannan ta wuce, ko tari ba ta yi ba. Maigadi ne da ya mutu a zaune, kowa na wucewa yana gaishe shi.

Yaron da ke taya ni ya ƙara uint8_t ɗaya a saman struct don ƙararrawa. Ya haɗu lafiya, muka ɗora wa injin wata Hajiya da ke da ƙwai sama da 500 a ciki, saura kwana shida su cika 21. Tsohon saitin da ke EEPROM ya goce da bayit ɗaya. Zafin da aka ajiye 375, wato 37.5, aka karanto shi dubbai. Hita ta kama ba ta sake ba har asuba. Wallahi warin ɗakin nan har yau yana hancina. Magana ta kai gaban mai unguwa, babur ɗina na sayar na biya. Wanda ya rubuta makron kuwa ya daina ɗaga wayata.

Maman_Hanan: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Injiniya.

Baffa_PZ: Amin. Amma dai dafaffen ƙwai 500, ai da ka kai ƙofar makaranta ka sayar da yaji, ka rage asara.

Injiniya_Shika: Baffa, ba abin dariya ba ne.

Malam_Lakcara: Allah ya kiyaye gaba. Sai dai a yi wa dabarar adalci. Masu Linux sun ci karo da wannan ramin, tsohon BUILD_BUG_ON ɗinsu ma sizeof na array ne mai 1 - 2*!!sharaɗi, kuma yakan wuce shiru in sharaɗin ba tsayayye ba ne. Shi ya sa a lokacin BUILD_BUG_ON_ZERO ya koma dogara da bitfield mai faɗin da ke ƙasa da sifili, wanda ba ya karɓar abin da ba tsayayye ba. Haka nan in ka rubuta array ɗin a matsayin typedef ka sa shi a wajen kowane aiki, a saman fayil, kompaila dole ta ƙi. Kuma mai tambaya C90 yake, can babu wannan nau'in array ɗin ma. Abin da ya ci Injiniya bai shafe shi ba a wancan ɓangaren. C_ASSERT na Windows da CTASSERT na FreeBSD duk da wannan dabarar suka yi shekaru.

MaiSoda_SabonGari: Malam, da girmamawa, allo nawa ka taɓa kaiwa gona? Mu da ke shan hayaƙin soda mu muka san abin da ke mutuwa a rana. Injiniya babur ya rasa, kai me ka rasa?

Malam_Lakcara: Rasa babur ba ya canza abin da ke rubuce a ƙa'idar C.

Sadiq_Kongo: Oga MaiSoda, kai da ka kawo assert() ai da ka yi shiru.

Maman_Hanan: Ku bar faɗan. Ko makron Injiniya ya yi aiki, da lambar za a gyara a wuce, tsohon saitin na nan a EEPROM. Abin da ya rasa lambar siga ce da CRC (lambar tantance ingancin bayanai) a jikin saitin, in ba su dace ba a koma saitin asali. Kai kuma ƙanena Ɗan_Hayin_Dogo, girma kaɗai bai isa ba. Wani zai iya musanya gurbi biyu girman ya zauna 8. Ka gwada offsetof na kowane gurbi, wato inda yake farawa a cikin struct ɗin. Kada ka kwafo na Linux: lasisin GPL gare shi, ya jingina da abubuwan GCC da tsohuwar kompailarka ba ta da su, kuma a juye yake, shi in sharaɗi ya zama gaskiya yake tsayar da aiki.

Baffa_PZ: Duk wannan wahala a kan allo 14? Blue Pill, allon nan mai STM32F103, 4,500 na saya watan jiya. Sauya su ka yi barci.

Sadiq_Kongo: 4,500 a ina? 9,000 aka ce mini a Kaduna.

MaiSoda_SabonGari: Ni 6,500 nake bayarwa, in ka ɗauki goma akwai ragi.

Ummi_Palladan: In ka yi oda daga Chaina bai kai 3,000 ba, sai dai Litinin ɗin da za ta iso ba wannan ba ce. Kuma na 4,500 ɗin nan a duba shi da kyau. Na sayi biyar a wani shago, an rubuta STM32 a jiki, ST-Link, na'urar ɗora musu firogiram, ya ƙi gane uku, lambar shaidar aisin daban ce. Na mayar, mai shagon ya ce ni na ƙona su.

Injiniya_Shika: Haka suke. Ni ma'aunin zafi DS18B20 na jabu aka sayar mini, biyu a kofi ɗaya kowanne da zafinsa. Wane makro ne zai kama wannan?

MaiSoda_SabonGari: Kada a yi mana kuɗin goro. Mu ma haka ake turo mana a leda, ba mu da injin leƙa cikin aisi. Ku kuma kuna son na asali a kuɗin jabu, an faɗi farashi ku ce za ku dawo.

Ɗan_Hayin_Dogo: Na gode ƙwarai. To in na fahimta, in duba __STDC_VERSION__, in ya kai 201112L in kira _Static_assert, in bai kai ba typedef a saman fayil da __LINE__ a sunan? In heda biyu suka faɗa layi ɗaya fa, sunan ba zai yi karo ba?

Ummi_Palladan: Oga MaiSoda, naka na 6,500 ɗin, za ka yarda in zo da kwamfutata in gwada kowanne a gabanka kafin in biya?

MaiSoda_SabonGari: Ki zo bayan la'asar, in akwai wuta.