Furen nan mai shimfiɗa a ƙasa: in dasa yanzu ko in jira damina?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina unguwar Yelwa a Garwa, ƙasar Kamaru. Akwai ɗan fili a gindin katangarmu da ke tayar mana da ƙura duk hunturu. Maigida ya ce a zuba siminti, ni kuwa raina na kan furen nan mai siraran ganye cike da ruwa, wanda masu sayar da fulawa ke kira pourpier, mai buɗewa da hantsi ya rufe kafin yamma. Sai dai ƙasar wurin laka ce, ruwa na kwanciya a watan Agusta, kuma ruwanmu saye muke yi. In dasa cikin zafin Afirilun nan ko in jira ruwa ya sauka?

Baban Khalil: Wa alaikumus salam. Ki sa ciyawa irin ta otal, ki riƙa ban ruwa safe da yamma. Ta fi kyau.

Hajiya ta Domayo: 'Yar nan, ƙishirwa ba ta kashe shi, ruwa ne ajalinsa. Idan ya kwana a taɓo gindin zai yi baƙi, ki taɓa ki ji ya yi laɓo-laɓo. Ki samo yashin kogi, ga Binuwai kusa da ku, ki gauraya da busasshen taki kaɗan, ki ɗaga wurin kamar kunya. Reshe tsawon yatsa za ki karya ki soka, ba sai iri ba. Amma wurin ya zama mai rana, a inuwa ba ya fure. Nan Marwa ƙaramar leda sefa 500 na saya.

Ummu Sadik: 500? Hajiya an cuce ki. 200 ne a bakin titi.

Na Ngaundere: Wa ke sayen wannan? A gidan maƙwabta ake karyowa. Ki jira damina, nawa ban taɓa ba shi ruwa ba.

Hajiya ta Domayo: Ɗana, ku kuna kan tudu cikin sanyi, ruwanku ya fi wata shida yana zuba. Garwa zafi na haura digiri 40. Ba ƙasa ɗaya ba ce.

Inna Kusiri: Ni dai ki fara duba ƙofarki kafin komai. Na dasa shi a ƙofar gida, ja da rawaya da fari, ruwan alwala nake tarawa a roba ina zuba masa. Ya rufe ƙasa ruf, har mata masu wucewa na tsayawa roƙon reshe. Ranar wata Juma'a yara suka bar ƙyaure a buɗe, awakin maƙwabci suka shigo har ciki. Wanda ba su ci ba sun tumɓuke shi da kofato. Na je da sallama, matarsa ko tashi ba ta yi ba, ta ce wai dabba ba ta san fure ba. Na kai wa bulama, wato mai unguwa, ya ce in yi haƙuri don zaman tare. Aka zagaya unguwa ana cewa na kai ƙara saboda ciyawa. Da aka yi sunan jikata ba wanda ya leƙo daga gidan. Har yau abin na ci mini rai.

Ummu Sadik: Allah Ya huci zuciyarki Inna. Wallahi ba furen ba ne, rainin ne.

Ɗalibin Noma: Ku lura, ɗan uwan harshen saniya ne da ke fitowa a gona, amma shi wannan asalinsa Kudancin Amurka, wajen Barazil da Ajantina. Yana zubar da iri ƙanana kamar yashi, don haka Inna, naki ma zai iya sake tsirowa da damina.

Baban Khalil: Karatun littafi daban, Inna ta gani da idonta.

Ɗalibin Noma: Baba, kai da ka ce a sa ciyawar otal a gidan da ake sayen ruwa?

Ɗan Kasuwa: Maman Hanifa ki shuka yakuwa kawai. Maigida ya sha miya ya manta da zancen siminti.

Maman Hanifa: Na gode, amma mu ba mu da awaki a layinmu. Yanzu ko damina?

Ummu Sadik: Ba ku da su yanzu. Bari Babbar Sallah ta matso, kowa ya sayo rago ya saki a layi. Bara garin masara na shanya a tabarma, kafin in idar da azahar sun gama da shi.

Inna Kusiri: Kuma ki yi magana a ce ba ki da haƙƙin maƙwabtaka. Shin wanda ya saki dabbarsa shi ba a tambayarsa haƙƙi ne?

Na Ngaundere: Mu nan shanu ne ma, Inna. Zana guda suka kayar mini.