Digiri na biyu a fannin bulokcen: wane kwas ne ya cancanci a sha wahalarsa?

Hauwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na gama digirin farko a kimiyyar kwamfuta, kuma ina so in zurfafa a fannin bulokcen (rumbun bayanan da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa tare), ɓangaren tsarawa da ginawa, ba cinikin kirifto ba. Kwasa-kwasan sun yi mini yawa, wasu digiri na biyu, wasu satifiket na shekara ɗaya. Waɗanda suka riga mu shiga, don Allah a taimaka da shawara.

Malam Nura: Wa alaikumussalam. Kafin ki dubi sunan jami'a, fara buɗe jerin darussan. Bulokcen a kan tsofaffin fannoni biyu ya tsaya: ilimin ɓoye bayanai, da ilimin yadda kwamfutoci da yawa suke cimma matsaya ɗaya alhali ba su yarda da juna ba. Takardar Satoshi Nakamoto da ta gabatar da Bitcoin a 2008 ta fito, amma tun 1991 Haber da Stornetta suka nuna yadda ake sarƙe bayanai ta yadda in an taɓa na baya za a gane. Tun 1982 kuma Lamport da abokansa suka nuna cewa, a irin tsarin da suka yi nazari, idan maha'inta a cikin kwamfutocin suka kai kashi ɗaya cikin uku, matsaya ba za ta tabbata ba. Duk kwas ɗin da bai ba waɗannan biyun darasi mai zaman kansa ba, ni dai ba zan tura ɗalibina can ba.

Sadiq: Ni na yi kwas ɗin gabatarwa na Jami'ar Nicosia da ke Saifurus, wanda ake yi kyauta ta intanet. Su ne suka fara buɗe digiri na biyu a kan kuɗin dijital a 2014, kuma ana iya yin sa daga nesa. Yana da kyau ga mai son fahimtar kasuwa, doka da tsarin kuɗi. Amma tunda kin ce ginawa, ki tantance darussa nawa ne za su sa ki zauna ki rubuta manhaja da hannunki.

Yaya Bilkisu: Ki duba na Jami'ar Malta ma. Sun raba nasu gida uku: fasaha, doka, da kasuwanci. Abin da ya burge ni shi ne mai rubuta manhaja yana zama aji ɗaya da lauya, kuma a wurin aiki haka abin yake. In kuwa bincike ne a ranki, har zuwa digiri na uku, akwai ɗakin binciken bulokcen na Jami'ar Edinbura ƙarƙashin Farfesa Aggelos Kiayias. Shi ya jagoranci aikin Ouroboros, tsarin cimma matsaya da bulokcen ɗin Cardano ke tafiya a kai. Sai dai can lissafi ne tsagwaronsa, ki shirya.

Hauwa: Na gode Yaya. To satifiket na kwaleji fa? Na ga George Brown a Toronto ta buɗe irinsa a 2018.

Yaya Bilkisu: Irin wannan don shiga aiki da wuri aka tsara shi, hannu ya fi yawa a kan nazari. Ba ya maye gurbin digiri na biyu in kina hangen koyarwa ko bincike. Kuma kowace makaranta ce, ki rubuta musu ki tabbatar suna ɗaukar ɗalibai a bana, don kwasa-kwasan wannan fanni suna tashi da faɗuwa tare da kasuwa.

Injiniya Kabiru: Malama Hauwa, bari in nuna miki dalilin da ya sa nake bayan maganar Malam Nura. A watan Yunin 2016 aka kwashe kusan ether miliyan 3.6 (kuɗin bulokcen ɗin Ethereum) daga The DAO, wani asusun zuba jari da manhaja ke gudanarwa a kan Ethereum. Ba a fasa makullin kowa ba. Manhajar ce take tura wa mutum kuɗinsa kafin ta rage adadin a lissafinsa. Sai maharin ya rubuta tasa manhajar, wadda da zarar kuɗi ya shigo mata sai ta sake neman cirewa, kafin a kai ga layin da ke rage lissafin. Haka ta yi ta zagayawa. Layi biyu ne kawai aka sa na gaba a baya, kuma da yake abin da aka ɗora a bulokcen ba ya gyaruwa cikin sauƙi, rikicin sai da ya raba Ethereum gida biyu, aka samu Ethereum Classic. Saboda haka ki tambayi kowace makaranta: kuna da darasin tsaro da bin diddigin yarjejeniyoyi masu aiwatar da kansu, wato manhajojin da ake ɗorawa a bulokcen irin ta The DAO? Kuna sa ɗalibi ya fasa manhajar ɗan ajinsu? In suka fara kame-kame, kin samu amsa.

Sadiq: Injiniya, wane yaren rubuta manhaja za ta fara da shi?

Injiniya Kabiru: Solidity, don shi ne na Ethereum, kuma kayan koyonsa sun fi yawa. Ta buɗe Remix, shafin rubuta Solidity, a burauza, ba sai ta sauke komai ba, ta ɗora aikinta a hanyar gwaji ta Sepolia inda kuɗin ba na gaske ba ne. Daga nan Foundry ko Hardhat don rubuta gwaje-gwaje, sai wasan Ethernaut na OpenZeppelin, inda kowane mataki fasa wata yarjejeniya ne. Rust ya biyo baya, shi wasu bulokcen irin Solana da Polkadot ke amfani da shi, kuma ko ta bar bulokcen gobe zai ci gaba da yi mata amfani.

Malam Nura: Wannan magana ta ƙarshe ita ce damuwata. Kamfanonin Maersk da IBM sun gina TradeLens a kan bulokcen don bin sawun kayan jiragen ruwa, a ƙarshen 2022 suka sanar da rufe shi saboda bai samu haɗin kan sauran kamfanoni yadda ake buƙata ba. A 2022 ɗin ne kuma kasuwar hannun jarin Ostareliya ta dakatar da nata aikin bulokcen bayan shekaru ana fama. Kwas na ƙwarai dole ya koya miki lokacin da rumbun bayanai na yau da kullum ya fi bulokcen dacewa. Shi ya sa sau da yawa nakan ce a yi digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ko tsaron intanet, sannan a yi kundin bincike a kan bulokcen.

Yaya Bilkisu: A nan ban bi ka gaba ɗaya ba, Malam. In sashen babu malamin da ya san fannin, wa zai duba mata kundin? Ta fara neman mai dubawa, ta karanta abin da ya wallafa a shekarun nan, sannan ta zaɓi sashe.

Malam Nura: Wannan gaskiya ne, na karɓa.

Hauwa: Allah ya saka da alheri. Kafin a buɗe neman gurbi, da me zan gwada kaina?

Malam Nura: Kwas ɗin ilimin ɓoye bayanai na Dan Boneh na Jami'ar Stanford yana Coursera, haka na Arvind Narayanan na Princeton a kan Bitcoin. Laccocin da Gary Gensler ya yi a MIT a 2018 ma suna nan kyauta, amma su sun fi karkata ga harkar kuɗi. Fara da na Boneh, ki yi atisayen duka, kada ki tsaya a kallon bidiyo. Inda kika maƙale ki turo nan mu duba tare.